Shekarar da Na Ɓoye Irin Rakiya

Jikata Hannatu ce ke riƙe da biro, ni nake magana. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana sai dai in dangwala yatsa, amma kunnena bai tsufa ba. Na gaya mata abin da ya fito daga bakina shi za ta sa a takarda, kada ta shafa masa mai, domin in ta gama sai ta karanta mini tun daga fari, kuma duk inda ta rage zan gane. 'Ya'yana, kun daɗe da ƙullin Rabaran, babban faston cocinmu, a zuciyarku, kuna cewa shi ya danne babanku har ya mutu bai riƙe ikilisiya tasa ba. Kuma kuna jin daɗin sunan da ake kirana da shi a coci, Uwar Baƙi, har ɗana Istifanus ya sa aka buga shi a jikin kalanda bara. Duka biyun ba haka suke ba, kuma daga rami ɗaya suka fito.

Babanku, Malam Ayuba, ya daɗe yana aikin bishara a ƙarƙashin wasu a nan Zuru. Yaran da ya koya wa karatu a ajin Lahadi suka tafi makarantar fastoci suka dawo da farar kwala a wuya, shi yana nan yana buga ƙararrawa, yana bin marasa lafiya gida-gida a kan keke, ni kuma ina share coci duk ranar Asabar. Shi abin bai dame shi ba, ko in ya dame shi bai nuna ba. Ni ya dame ni. Nakan tsaya da tsintsiya ina kallon kujerar gaba inda matan fastoci ke zama, yaran da na san ranar da aka yanke musu cibiya, in ci gaba da shara. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni ba mai yawan magana ba ce, kun sani, ido nake da shi, kuma mai ido yakan tara abin da zai cutar da shi.

A cikin haka wani manomi ya zo daga wata tunga can bayan Wasagu, sunansa Bawa. Dogo ne, mai faɗin tafin hannu. Ya taɓa kawo matarsa Asabe asibiti, babanku ya riƙa kai musu kunu yana yi musu addu'a har ta tashi. Mutanen tungar masu bin gargajiya ne, yarensu dabam da namu, a Hausar kasuwa muke haɗuwa da su. Bawa ya ce wa Rabaran suna son a aiko musu mutum, kuma wancan Malamin mai keke suke so. Bai tsaya jiran amsa ba, ya koma ya yanki fili daga gonarsa, shi da ƙannensa suka buga tubali suka gina ɗaki ɗaya mai rufin kwano, suka sa ƙofa da kwaɗo. Ranar da aka tabbatar da aikenmu ya zo har gidan nan, ya durƙusa, ya sa makullin a hannuna, ba a hannun babanku ba.

“Ɗaki na mace ne, Mama,” in ji shi. “Malam shi da gindin itace ma ya ishe shi.”

A cocinmu akwai abin da muke kira irin rakiya. Idan za a aiki mai bishara sabon wuri, kowace mace ta zumuntar matan coci sai ta shiga rumbunta ta zaɓo zangarniyar dawa mafi kyau cikin wadda ta ware don iri, ta yagi bakin tsohon zanenta ta ɗaure wuyanta da shi, ta kawo wa matar mai bisharar. Ba a cinsa, ba a sayar da shi. Can inda aka aike ki za ki shuka, da kaka ki ɗauro dami ki kawo cocin gida ranar godiya, ki mayar wa kowace mace ƙyallenta, ta san irinta ya kama ƙasa. Sau huɗu ina yagar zanena saboda wasu. A waccan shekarar, bayan bikin Ista, aka yaga domina.

Ranar sallama mata suka cika rumfar bayan coci, ana kaɗa tulu ana waƙa, zangarku suka taru a gabana har suka rufe mini ƙafafu. Rifkatu ce shugabar zumunta a lokacin. Tare muka yi 'yammatanci da ita, tare muka yi niƙa a dutse ɗaya, bakinta kuwa ba ya rufuwa.

“Maman Isti, ki dai riƙa tunawa da mu talakawa in kin zama matar babban mutum.”

“Zan tuna da ku duk Asabar,” na ce. “In ce ko wace ce ke cin ƙurar da na bari.”

Aka yi dariya. Da na tsaya nan da ba komai. Sai na tashi na ɗauko tsintsiyar coci a lungun da nake ajiye ta, na kawo na shimfiɗe ta a gaban Rifkatu, a idon kowa, na karkaɗe hannuwana. Wasu suka yi guɗa. Na ga tsofaffi biyu sun kalli juna, na yi kamar ban gani ba. Na koma gida na rabar da kajina, na ba maƙwabciya dutsen niƙana. Muka aika kayan farko a kan babur, turmi da taɓarya da tabarmi da manyan tukwane biyu, Bawa ya shigar da su ɗakin ya dawo mini da makulli. Irin kuwa na riƙe shi wurina, don iri ba ya gaba da mai shi. Babanku bai san abin da ya tafi da abin da ya rage ba. Namiji ba ya leƙa ƙullin mace.

Saura kwana biyar mu tashi, mutanen daji suka faɗa wa tungar. Suka kore shanu, suka cinna wa rumbuna wuta. Waɗanda suka tsira suka kwararo Zuru, wasu a bayan motar itace, wasu da ƙafa, aka zuba su a tsofaffin azuzuwan da ke bayan coci. Bawa na ciki da Asabe da 'ya'yansu uku. Washegari Rabaran ya kira babanku. Ya dawo da tsakar rana, ya jingine keke, ya cire hula ya zauna a kan ƙullin kayanmu, domin kujerun ma mun bayar.

“An fasa ke nan,” na ce.

“Rabaran ya ce ba a fasa ba. Ya ce mutanen da aka aike mu wurinsu ga su a bayan coci, an rage mana tafiya. Ni zan kula da su, ƙararrawa kuma in ci gaba da bugawa kafin a ga abin da Allah zai yi.”

“Kai kuma ka ce mi?”

“Na ce to.”

“Kullum to. Ranar da za a binne ka da rai ma to za ka ce.”

Ya juya hular a hannunsa, na ga idonsa ya yi ja, sai a lokacin na gane shi ma ya so tafiyar nan, wataƙila fiye da ni. Amma kafin la'asar ya tashi ya ɗauki bokiti biyu ya tafi ɗebo wa baƙin ruwa. Haka yake. Ni kuwa na ce ba zan kwance ƙulli ko ɗaya ba. Na ce wata ɗaya ne, sojoji za su shiga, a koma, mu tafi. Tukunya ɗaya na ciro nake mana girki, turmi kuwa na aro. Asabar ta zo ban je coci ba, na ce ƙafata ke ciwo. Irin rakiya kuma, ni da aka haifa a gidan manomi, na san wurin iri shi ne saman murhu, a rataye shi hayaƙi na dukansa don ƙwari kada su shiga. Amma duk macen da ta shigo gaishe ni a madafa za ta zauna, ta ɗaga kai ta ga ƙyallen zanenta na lilo a kaina. Sai na cusa shi a buhu na tura ƙarƙashin gado.

Ruwa ya sauka. Coci ta ba mutanen tunga gonarta ta gindin dutse su noma, suka share ta cikin kwana uku, don su noma ba a koya musu shi. Sai maganar iri ta taso. Nasu ya ƙone a rumbu. Matan gari kowa ta riga ta shuka nata da ruwan farko, rarar da ke gare su kuwa ita ce suka ɗaure mini. Da hantsi ina daka a turmin aro, sai ga Rifkatu da Asabe a bayanta, goye da ƙaramin ɗanta.

“Maman Isti, ƙafa ta yi sauƙi? Na ga dai hannu lafiya lau yake.”

“Da sauƙi.”

“Irin rakiya muka zo nema. Mun zauna mun duba, ƙasar da aka aike ki ta ƙi zama, to masu ita ga su nan. Ki fito da shi su shuka, damina ba ta jiran kowa.” Ta gyara ɗaurin zane ta ƙara da dariya. “Ki taho da shi ranar Asabar, in ya so ki karɓi tsintsiyarki. Tana nan na ajiye miki, ba wanda ya iya ta kamarki.”

Da ba ta ambaci tsintsiyar nan ba, da wataƙila. A'a, Hannatu, goge wannan. Ko bar shi, amma ki rubuta a gabansa cewa Rifkatu ba ta da laifi, wasa take yi kamar yadda muka saba tun muna yara. Ni ce na hango kaina ina shiga rumfar nan da buhu a ka, a gaban matan da suka yi mini guɗa, ana kwance ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya, ana miƙo mini tsintsiya. Ban daina daka ba. Ban ko ɗaga kai ba.

“Ai iri ya tafi da kayan farko,” na ce. “Yana can ɗakin tunga.”

Rifkatu ta ce kash. Asabe ta ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ta yi mini sannu da aiki, suka fita. Na ce a raina magana ta ƙare, za su nemi iri wani wuri.

Da safe, babanku ya tafi jana'iza Mahuta, sai na ji sallama. Bawa ne. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin nan, daidai inda Hannatu ta miƙe ƙafarta yanzu. Tsakaninsa da buhun bai fi taku huɗu ba.

“Mama, makulli na zo aro. Asabe ta ce iri na can.”

“Ka san ko ɗakin ya tsira?”

“Ya tsira. Ranar da muka gudu na waiwaya daga kan tudu, kwano na walƙiya. Ciyawa suka ƙone, kwano bai ci wuta ba. Na samu mai babur zai kai ni Wasagu, sauran in bi ta rafi da ƙafa. Gobe war haka ina nan.”

“Hanya ba kyau, Bawa.”

“Yunwa ma ba ta da kyau, Mama. Wanga ruwa in ya wuce mu da kwana goma, dawa ta wuce mu sai baɗi. Yara uku gare ni, ban iya roƙo ba.”

Na tsaya ina kallonsa. Kalma huɗu ce, yana nan ƙarƙashin gado. Na ji su a bakina, har na buɗe leɓe. Sai na ce a raina mai babur zai tsorata ya fasa, ko a tare su a shingen sojoji a mayar da su, ko Asabe ta hana shi. Na ɗora wa kowa aikin da yake nawa. Na shiga ɗaki, na tsallake bakin buhun da ya leƙo daga ƙarƙashin gado, na ciro makulli a cikin tasa na kawo masa. Sannan na ƙulle masa ƙuli-ƙuli da sauran ɗumame a ganye. Ku ji wannan da kyau, na ba shi guzuri. Ya yi godiya har sau biyu.

Kwana huɗu ba labari. Asabe takan zo ta zauna a tsakar gidan nan, don tana ganin a nan labari zai fara sauka. A rana ta biyar aka kawo shi. Ya isa tungar lafiya, a hanyar dawowa suka hange shi a bakin rafi suka harbe shi a ƙafa. Ya ja jiki cikin duhuwa ya kwanta har masu neman itace suka tsince shi. Kafin a iso da shi asibiti ƙafar ta lalace, aka yanke ta sama da gwiwa. Muka je dubiya da yamma ni da babanku. Ban so zuwa ba, amma ba ni da dalilin da zan bayar. Ya rame, leɓɓansa sun tsage. Da ya gan ni sai ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro makullin, ya ɗaure shi da zare a lokacin da yake daji don kada ya ɓace.

“Mama, ga amanarki. Turminki na nan lafiya, da tabarmi. Na sake rufewa.”

“Irin fa, Bawa?” in ji babanku.

Bawa ya juya fuska wajen bango.

“Ɓeraye sun riga ni, Malam.”

Babanku ya ce Allah ya isa da ɓeraye, ya kama hannunsa ya fara addu'a. Ni na tsaya da makulli a tafin hannu. Ɓera in ya ci dawa yakan bar ƙaiƙayi, ya bar kara, ya bar ƙyalle. Manomi irin Bawa ya san haka. Na san ya buɗe ɗakin ya ga daɓe wayam, na san ya sani, kuma ya san na san ya sani.

Abin da ya fi wannan muni shi ne na gaba. A ranar nan da sauran lokaci. Da na koma gida na jawo buhun na kai gonar gindin dutse, da dawar ta yi, ko ba ta cika ba. Amma fito da shi a lokacin daidai yake da in tsaya a kasuwa in ce ni na yanke ƙafar Bawa. Sai na ƙara tura shi ciki da ƙafa. Mutanen tunga suka shuka wake da wata masara da aka tsinto nan da can, ba ta yi abin kirki ba. Damina ta yi tsakiya, yunwa ta shiga azuzuwan nan, yara suna bin gindin mangwaro suna tsintar abin da ba ya ciyuwa. A lokacin ne na kwance ƙullin kaya. Na aro babbar tukunyar zumunta, na bi gidaje ina karɓar tiya-tiya, masu rowa na tsaya musu a ƙofa har sai sun ji kunya. Kullum na tuƙa tuwo na kai bayan coci, na Asabe da hannuna nake zuba mata. Na koma na ɗauki tsintsiyata ba wanda ya miƙo mini. Wata tsohuwa cikin baƙin ta fara ce mini Uwar Baƙi, sunan ya bi gari. Duk wanda ya kira ni da shi sai in ji kamar na taka garwashi. Da rana tsaka in gida ya yi shiru, in na shiga ɗaki ɗaukar wani abu, ina jin ƙwari suna aikinsu a cikin buhu, ƙus-ƙus, kamar ana yayyafi a kan busasshen ganye.

Da kaka, ana saura mako ɗaya godiya, na ga babanku ya hau keke ya fita, sai na jawo buhun zuwa bayan ɗaki da fartanya. Ya zama gari, baƙin ƙwaro na fita ta ko'ina. Ina tsame ƙyallayen daga ciki sai na ji inuwa a kaina. Tabaransa ya manta ya dawo ɗauka. Ya dubi buhun, ya dubi hannuna.

“Maman Istifanus, wannan shuɗin ba bakin zanen Rifkatu ba ne?”

“Shi ne.”

“Ranar da Bawa ya zo karɓar makulli, yana ina?”

“Ƙarƙashin gadonmu.”

Bai daka mini tsawa ba. Da ya yi da na ji sauƙi. Ya zauna a ƙasa da fararen kayansa, ya dafe kai. Can ya miƙa hannu ya karɓi fartanyar, ya haƙa ramin da kansa, muka juye garin muka rufe. Ya ce ƙyallayen kada in binne, na masu su ne.

“Maganar nan ba tawa ba ce da zan kai wa Rabaran, ko Bawa,” in ji shi. “Ke za ki kai. Zan jira ki.”

Ya jira ni shekara shida, har ya mutu. Bai ƙara tayar da zancen ba. Bai canza mini fuska ba, yana cin tuwona, yana ce mini sannu. Ranar godiyar kaka kawai, in mata sun shigo da dammuna a ka suna waƙa, yakan juyo daga inda yake tsaye wajen ƙararrawa ya dube ni sau ɗaya. Ni kuma in gyara ɗankwali.

Tungar ba a koma ba. Mutanenta suka zauna a gefen gari, suka yi yawa, da dama cikinsu suka karɓi baftisma, suka gina 'yar majami'arsu. Babanku ya koyi yarensu har yana yi musu wasa da shi. Rabaran ya zo gidan nan sau biyu, a kan wannan tabarmar ya zauna, yana roƙon babanku ya riƙe ikilisiyar, ya ce su da kansu suka ce shi suke so. Babanku ya ce ƙarfinsa ya ƙare, a ba yaro. Ku kuna birni, abin da ya iso kunnenku shi ne an ba wani, kuka yi ta kumfar baki, Istifanus har ya daina gaishe da Rabaran. Ni ina ji na yi shiru. Bayan Rabaran ya fita a zuwa na biyu na tare babanku.

“Abin da ka jira duk rayuwarka ke nan, Malam.”

“Ke kika jira shi, ni ma na so shi. Amma ba zan tsaya duk Lahadi a gaban Bawa da sandunansa in ce masa ya tuba daga zunubansa ba, alhali na san abin da na taya binnewa a bayan ɗakina.”

Wannan ita ce dannewar da aka yi wa babanku. Matarsa ta yi masa.

Rifkatu ta rasu bara ba ta sani ba. A jana'izarta aka ce in yi magana a matsayin aminiyarta, na tashi na yi. Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Ranar Talatar da ta wuce na ɗauki ƙyallayen da makullin na tafi inda Bawa ke zama, gindin dogon yaron da ke ƙofar majami'arsu. Tun da ya rasa ƙafa bai sake riƙe garma ba, igiyar rama yake tufkawa yana sayarwa, a kan guntuwar cinyar yake murza ta. Ya yi furfura. Na zauna a ƙasa gabansa, abin da ban taɓa yi wa wani namiji ba in ba ubana ba.

“Mama, lafiya? Bari a kawo kujera.”

“Bar ta.”

Na baje ƙyallayen na gaya masa. Bai ɗauki lokaci ba, abin da na riƙe shekara da shekaru ko tafasar ruwa bai kai ba. Bai daina murza igiyarsa ba.

“Na sani, Mama. Ɗakin nan ni na daɓe shi da hannuna. Da ƙwaya ɗaya ta taɓa kwana ciki da na ga layin tururuwa.”

“To mi ya hana ka faɗa?”

“Malam na tsaye. Kuma ƙafar an riga an yanke.”

“Asabe fa?”

“Ban gaya mata ba. Ta ci tuwonki damina guda, har ɗiyarmu ta sa wa sunanki. Wanga aiki naki ne, ba nawa ba.”

Na ce ya gafarta mini. Ya ajiye igiyar ya shafa cinyar.

“Ba zan yi miki ƙarya ba, Mama. Wata rana na yafe. Wata rana, in sanyi ya shiga ƙashin, ko na ji ƙanshin ruwan farko ina zaune nan, sai in ga ban yafe ba, in sake daga fari. Yau dai na yafe.”

Ya sa yatsa yana juya ƙyallayen, ya ɗauki shuɗin ya duba.

“Farfara ce ko kaura?”

“Duka biyu. Ta mai wannan kaura ce, zangarniya kamar damtsena.”

Ya girgiza kai, ya dubi wajen dutse.

“Kash. A gonar nan kuwa da ta yi.”

To kun ji. Istifanus, ka je ka gaishe da Rabaran tun yana da rai, ka durƙusa, kada ka tsaya daga tsaye kamar yadda kuka koya a birni. Kalandar nan a sauke ta daga bango, kuma ranar da na mutu kada in ji an sa sunan nan a takardar jana'iza, Saratu ubana ya raɗa mini, ya isa. Ranar godiyar bana zan tsaya a zumunta in mayar wa kowace mace ƙyallenta, waɗanda suka mutu in ba 'ya'yansu, in faɗi dalilin da ya sa ya dawo ba dami. Ban ce ku zo ba, ban ce kada ku zo ba.

Hannatu, share hancinki, kina ɗiga a takarda. Ajiye biron ki miƙo mini mayafina. Karatun da na ce ki yi mini ya jira har mu dawo. Asabe takan taso daga gona kafin la'asar, kuma in na bari sai gobe, na san halina.